Daga Abuja Zuwa Seoul: Wuraren Tarihin Koriya Da Darasin Da Ke Cikinsu

Daga Wakilinmu a Abuja

Duk wanda ya saba bi ta tsakiyar birnin Abuja, wajen unguwar ma'aikatun Gwamnatin Tarayya, ya san dogon benen nan da ake kira Gidan Jihar Ribas. A cikinsa ne Cibiyar Al'adun Koriya take, wadda gwamnatin Koriya ta Kudu ta buɗe a watan Mayu na shekarar 2010, kuma ita ce irinta ta farko da ƙasar ta kafa a duk nahiyar Afirka. In mutum ya leƙa zai tarad da samari da 'yan mata 'yan Nijeriya, waɗansu suna koyon harshen Koriya, waɗansu sanye da fararen kaya suna koyon wasan taikwando, waɗansu kuwa kallon fim ne ya kawo su, ko gasar rawa da ta girke-girke da cibiyar kan shirya lokaci lokaci.

Da yawa daga cikin matasan nan ta hanyar fim suka fara sanin Koriya. Akwai lokacin da faifan wasan kwaikwayon nan na Jumong, wanda aka fara nunawa a 2006, ya cika shagunan masu sayad da finafinai tun daga Kasuwar Wuse har Kano da Sakkwato, iyali su kwana suna kallon sarakuna da fadawa da mayaƙa bisa dawakai. To, gaskiya ne waɗansu gine-ginen da ake gani a finafinan nan na wucin gadi ne, don fim ɗin kawai aka yi su. Amma fa na ainihin suna nan tsaye, ana share su, ana gyara su, ana kuma karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofarsu. A shekarar 2019 kaɗai baƙi miliyan 17 da rabi suka shiga ƙasar.

Saboda haka muka ga ya kyautu a wannan mako mu zaga da mai karatu, ya ga muhimman wuraren da matafiyi zai nufa in Allah Ya kai shi can. Sa'an nan in mun komo gida mu tambayi kanmu, mu kuma ina namu?

ƘASAR DA DANGANTAKARMU DA ITA

Koriya ta Kudu tana can gabashin Asiya, tsakanin ƙasar Sin da Japan. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 100,000 ne, watau ta ɗara Jihar Neja amma ba ta yi biyunta ba, ga shi kuwa mutanenta sun haura miliyan 51. Galibin ƙasar duwatsu ne. Japan ta mallake ta daga 1910 zuwa 1945, da fitar Japanawa kuma aka raba ta biyu, Kudu da Arewa, sa'an nan yaƙi ya ɓarke tsakaninsu daga 1950 zuwa 1953, ya bar biranenta toka. A lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, Koriya ta Kudu tana cikin matalautan ƙasashen duniya. Yau ga wayar Samsung a aljihunmu, ga firjin LG a ɗakunanmu, ga Hyundai da Kia a titunanmu.

A shekarar 1980 ne ƙasashen biyu suka ƙulla hulɗar jakadanci. Shugaba Chun Doo-hwan ya ziyarci Alhaji Shehu Shagari a Legas a 1982, Shugaba Roh Moo-hyun ya zo Abuja a 2006, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya je Seoul a watan Oktoba na 2022. Wanda ya bi hanyar filin jirgin sama ta Abuja, in ya ratsa Piwoyi, zai ga makarantar gwaji ta Nijeriya da Koriya, wadda hukumar ba da taimako ta ƙasar, watau KOICA, ta gina.

FADAR DA AKA ƘONA, AKA RUSHE, AKA SAKE TAYARWA

Baƙon da ya sauka Seoul, abin da za a fara nuna masa shi ne fadar Gyeongbokgung. A shekarar 1392 wani jarumi ya kafa daular Joseon, aka san shi da Sarki Taejo. Ya mayad da babban birninsa Seoul a 1394, ya gama ginin wannan fada a 1395, da dutse a bayanta, kogi a gabanta can nesa. Ke nan ta girmi Gidan Rumfa na Kano da shekaru masu dama, domin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi mulki ne daga 1463 zuwa 1499.

Bahaushe ba zai yi baƙunta sosai a cikinta ba. Ƙofa ce bayan ƙofa, fili bayan fili, kamar yadda ake wuce zaure da soro kafin a kai ga Sarki. A filin da ke gaban babban zauren gadon sarauta an kakkafa ƙananan duwatsu layi biyu, kowanne da rubutu a jikinsa, suna nuna inda kowane mai muƙami zai tsaya ranar zaman fada, ma'aikatan mulki a gefe guda, sarakunan yaƙi a ɗaya gefen. Wanda ya taɓa ganin yadda Waziri da Madaki da Galadima kowa ya san mazauninsa, ba ya bukatar tafinta a nan. Gaba kaɗan akwai wani katafaren ɗakin liyafa a tsakiyar tafki, bisa ginshiƙan dutse 48. Sau biyu a rana kuma, da ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, dogarai sanye da kayan zamanin da sukan yi canjin gadi a bakin babbar ƙofa ta Gwanghwamun, da tambura da tutoci. Ranar Talata ake rufe fadar, kuma duk wanda ya zo sanye da tufafin gargajiya na ƙasar, waɗanda suke kira hanbok, kyauta yake shiga, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Abin lura shi ne yawancin abin da ido zai gani a nan ba ginin 1395 ba ne. Fadar ta ƙone ƙurmus a 1592 sa'ad da Japan ta kawo hari, ta zauna kufai har shekara 270 da 'yan kai, kana aka sake gina ta a wajen 1867. A cikinta ne 'yan kisan gilla na Japan suka kashe matar Sarki a 1895. Da mulkin mallaka ya kankama, sai Japanawa suka rushe mafi yawan ɗakunanta, suka gina babban ofishin Gwamnansu daidai gabanta, ya tare ta ba a ganinta. Ofishin nan ya tsaya har 1995, shekarar da ƙasar ta cika 50 da samun 'yanci, sa'an nan gwamnati ta sa aka fara rushe shi, aka ci gaba da tayad da ɗakunan fadar ɗaya bayan ɗaya. An yi gardama mai zafi a lokacin, domin waɗansu sun ce shi ma ofishin tarihi ne, ya kamata a bar shi. Ra'ayin masu son fada ne ya rinjaya.

Gabas da nan akwai fadar Changdeokgung ta 1405, mai lambu a bayanta wanda sai da ɗan rakiya ake shiga. Kusa da ita kuma ga Jongmyo, inda aka ajiye allunan sunayen sarakunan da suka shuɗe, kuma har yau zuriyar gidan sarautar sukan taru ranar Lahadin farko ta watan Mayu su yi bikin tunawa da su, da kiɗa da tufafi irin na da, ko da yake sarautar kanta ta ƙare tun 1910.

SARKIN DA YA ƘAGA HARUFFA

A dandalin da ke gaban fadar akwai siffar wani sarki a zaune, da littafi a hannunsa. Shi ne Sejong, wanda ya yi mulki daga 1418 zuwa 1450, hotonsa ne kuma a kan takardar kuɗinsu ta won 10,000. Kafin zamaninsa da haruffan Sinanci ake rubutu a Koriya, dubbai ne kuwa, sai ɗan gidan masu hali ke iya ɓata shekaru yana koyonsu. Talaka ba shi da hanyar rubuta ƙararsa. Sai Sejong ya ƙaga sababbin haruffa 28 a 1443, aka bayyana su ga jama'a a 1446. Su ne ake kira Hangul. Yau 24 ake aiki da su, baƙaƙe 14 da wasula 10, kuma an zana baƙaƙen ne bisa kamannin baki da harshe da maƙogwaro lokacin furta su.

Manyan malaman fada sun ƙi abin da farko, suna ganin raini ne ga ilmi. Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a gare mu, domin haka aka taɓa kallon ajami, alhali kuwa da shi ne Shehu Usmanu da Nana Asma'u suka isad da wa'azi ga makiyayi da matan kulle. Bambancin shi ne su mutanen Koriya sun mayad da ranar 9 ga Oktoba ta kowace shekara ranar hutu don haruffansu, kuma tun 1989 Hukumar UNESCO take ba da lambar yabo ta yaƙi da jahilci da sunan wannan Sarki.

Wani abin gadon daular nan shi ne tarihinta a rubuce. Marubutan fada suna bin Sarki duk inda ya sa ƙafa, suna rubuta abin da ya faɗa da abin da ya yi, shi kuwa ba shi da izinin karantawa. Sun bar littattafai 1,893 da suka ƙunshi shekara 472 da sarakuna 25. A ciki har akwai labarin yadda Sarki Taejong ya faɗo daga kan doki wajen farauta a 1404, ya ce kada a bari marubuci ya ji, marubucin kuwa ya rubuta faɗuwar, ya kuma rubuta umurnin. Wuri huɗu aka rarraba kofen littattafan, da yaƙin 1592 ya zo uku suka ƙone, na garin Jeonju kaɗai ya tsira, daga gare shi aka sake kwafa.

GANUWA DA ƘOFOFI

Seoul ma birni ne mai ganuwa. An gina ta a 1396, tsawonta kilomita 18.6, ta bi ta kan duwatsu huɗu da suka kewaye tsohon garin, da manyan ƙofofi huɗu da ƙanana huɗu. An rasa wani sashe nata a zamanin mulkin mallaka da lokacin faɗaɗa birni, amma abin da ya rage an gyara shi, an yi masa matakala da fitilu, ya zama hanyar da tsofaffi da yara ke bi suna motsa jiki suna hangen gari.

Ƙofar kudu, Sungnyemun, ita ce ta daɗe tana riƙe da lamba ta ɗaya a jerin dukiyar tarihin ƙasar. Daren 10 ga Fabrairu, 2008, wani dattijo da ke fushi kan diyyar filinsa ya hau ya cinna mata wuta, benen katakon da ya shekara 600 ya rufta jama'a suna kallo a talabijin. Washegari mutane suka yi ta zuwa suna ajiye furanni, kamar an yi rasuwa. Shekara biyar aka yi ana aikinta, da masassaƙa da maƙera da masu yin tayil ɗin rufi irin na gargajiya, aka buɗe ta a watan Mayu na 2013. Ba a daɗe ba fenti ya fara ɓantarewa, jaridu suka yi ca, aka kafa bincike. Ko wannan ma darasi ne, domin ya nuna akwai masu sa ido. Shekara biyu bayan gobarar nan, watau a 2010, aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa ta Kano don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta.

Kimanin kilomita 30 kudu da Seoul akwai garin Suwon, mai ganuwar Hwaseong, wadda Sarki Jeongjo ya gina daga 1794 zuwa 1796. Labarinta da ban tausayi. Mahaifinsa, Yarima Sado, uban da ya haife shi ne ya sa aka kulle shi cikin akwatin ajiye shinkafa a 1762, ya kwana takwas ya mutu. Da ɗan ya hau gado sai ya ɗauke kabarin uban ya kai kusa da Suwon, ya gina sabon birni don girmama shi. Ganuwar ta kai kilomita 5.7. Ba aikin tilas aka yi ba, an biya ma'aikata lada, kuma aka buga littafi a 1801 wanda ya ƙunshi zanen kowace ƙofa da kowace hasumiya, da yawan duwatsu da katako, da sunayen magina da kwanakin da kowa ya yi. Da yaƙin 1950 ya lalata ganuwar, littafin nan aka buɗe a shekarun 1970 aka mayad da ita kamar yadda take. Shi ya sa UNESCO ta karɓe ta a 1997 duk da cewa gyararriya ce.

ALLUNA 81,258

Can kudu, a kan dutsen Gaya, akwai wurin ibadar mabiya addinin Buda da ake kira Haeinsa. Ba ibada ce za ta kai matafiyinmu can ba, abin da ke bayan ginin ne. A cikin waɗansu dogayen ɗakuna na katako an jera alluna 81,258, kowanne an sassaƙa masa rubutu gaba da baya, domin a shafa tawada a manna takarda a buga littafi. An sassaƙa su ne a ƙarni na 13, lokacin da mayaƙan Mangol suka mamaye ƙasar, kuma haruffan da ke jikinsu sun haura miliyan 52. Almajirin da ya san wahalar rubuta allo guda ya wanke, shi zai fi kowa gane nauyin wannan aiki.

Yadda allunan suka kai yau ba su ruɓe ba, gara ba ta ci su ba, shi ne abin mamaki. An jiƙa itacen a ruwan teku, aka dafa shi da gishiri, aka shanya a inuwa. Ɗakunan kuwa, waɗanda aka gina a ƙarni na 15, tagoginsu na sama da na ƙasa girmansu ba ɗaya ba ne, na gaba dabam na baya dabam, don iska ta riƙa zagawa, daɓensu kuma an cakuɗa shi da gawayi da gishiri da farar ƙasa don ya sha raɓa da damina. A shekarun 1970 an gina ɗakin siminti na zamani don a mayad da su, da aka gwada da 'yan kaɗan sai suka fara fumfuna, aka fasa. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu da muka bar soron laka mai sanyi muka koma kwano da bulo, muna iya tsayawa mu yi tunani a nan. A lokacin yaƙi ma, a 1951, an umurci wani matuƙin jirgin sama, Kim Young-hwan, ya jefa bom a wurin saboda abokan gaba sun ɓuya a dutsen, ya ƙi.

Har ila yau a Koriya ne aka buga littafin Jikji a 1377 da haruffan ƙarfe, shekara 78 kafin Gutenberg na Jamus ya buga nasa. Shi ne mafi tsufa irinsa da ya rage a duniya. Sai dai ba ya Koriya, yana ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Faris. A garin Cheongju inda aka buga shi, gidan tarihi da kwafi kawai baƙo zai gani. Ashe ba mutanen Binin kaɗai ke bin Turawa bashin kayan kakanni ba.

BIRNIN ZINARIYA

Gyeongju, a kudu maso gabas, ita ce hedkwatar daular Silla wadda ta yi kusan shekara 1,000 kafin ta faɗi a 935. A tsakiyar gari za a ga tuddai masu ciyawa kamar manyan rumbuna, waɗannan kushewun sarakuna ne. An tona ɗaya a 1973 aka sami kambin zinariya da dubban kayayyaki, kuma an gyara cikinsa yadda baƙo zai shiga ya gani. Ga hasumiyar duban taurari ta Cheomseongdae, mai tsawon wajen mita 9, wadda aka gina a ƙarni na 7 zamanin Sarauniya Seondeok. A bayan gari kuma ga Bulguksa da kogon Seokguram, ginin ƙarni na 8. Malaman Musulunci na da sun san wannan ƙasa. Ibn Khurdadhbih ya ambace ta a ƙarni na 9 a matsayin ƙasa mai yawan zinariya, Al-Idrisi kuma ya sa ta a taswirarsa ta 1154.

GADON DA KE NUMFASHI

Ba dutse da katako kaɗai suka adana ba. A 1962, tun ƙasar tana fama da yunwa, aka kafa dokar kare kayan al'adu. A ƙarƙashinta ne gwamnati ta fara zaɓen gwanin wata sana'a ko kiɗa ko rawa, ta ba shi muƙami da alawus, da sharaɗin ya koyad da almajirai. Irin waɗannan gwanaye ne aka kira da ƙofar Sungnyemun ta ƙone. Mu ma muna da Sarkin Magina da Sarkin Maƙera, muna da zuriyar Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, amma nawa ne cikin 'ya'yansu suka ga dalilin zama su gaji sana'ar?

A ƙauyen Hahoe kusa da Andong, zuriya guda ce ke zaune a gidajen kakanninta shekaru aru-aru, waɗansu rufin tayil waɗansu na ciyawa. Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta ziyarce shi a 1999. A tsibirin Jeju kuwa akwai mata masu nutso cikin teku ba tare da tukunyar iska ba, suna tsinto abincin ruwa, da yawansu tsofaffi. UNESCO ta sa sana'arsu cikin jerin al'adun duniya a 2016, shekarar da ta sa bikin kamun kifi na Argungu. Mai sha'awar taikwando kuma sai ya nufi Muju, inda Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar ya zama zakaran duniya a 2017.

Amma yawan baƙi ma yana da nasa ciwon kai. A unguwar Bukchon ta Seoul, mai tsofaffin gidaje, masu ɗaukar hoto sun hana mazauna sakat, har hukuma ta ƙayyade lokacin shiga wani sashe na unguwar daga watan Nuwamba na 2024, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma.

IYAKA DA MASALLACI

Wajen kilomita 50 arewa da Seoul akwai iyakar da ta raba 'yan'uwa. Tsawonta kimanin kilomita 250, faɗinta 4. Ranar 27 ga Yuli, 1953 aka tsagaita wuta, amma ba a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba. Ana kai baƙi a mota da ɗan rakiya, kowa da fasfonsa, su shiga ramin ƙarƙashin ƙasa da aka gano a 1978, su hangi Arewa da tabarau. Mu da muka ga yaƙin basasa muka fita muna ƙasa ɗaya, wurin nan zai sa mu ƙara gode wa Allah. Ƙasar Habasha ta aika dubban sojoji wannan yaƙi, akwai kuma gidan tunawa da su a garin Chuncheon.

Yaƙin nan ne kuma ya zama sanadin komowar Musulunci ƙasar, ta hannun limaman sojojin Turkiyya waɗanda suka fara wa'azi a 1955. A 1976 aka buɗe Babban Masallacin Seoul a unguwar Itaewon, bisa filin da gwamnati ta bayar, da gudummawar ƙasashen Musulmi. A kewayensa ne ake samun gidajen abinci na halal, a nan kuma aka fi haɗuwa da 'yan Nijeriya mazauna birnin.

GUZURIN MATAFIYI

Ɗan Nijeriya yana bukatar biza, kuma ofishin jakadancin ƙasar yana nan Abuja. Babu jirgin da ke tafiya kai tsaye, sai an sauya a Adis Ababa ko Doha ko Istambul, a sauka Incheon. Agogonsu yana gaban namu da awa 8. Watan Afrilu da na Oktoba sun fi daɗi, domin daga Disamba zuwa Fabrairu sanyinsu ya wuce duk hunturun da muka sani, ruwa daskarewa yake yi, Yuli kuwa damina ce mai zafi. Jirgin ƙasa mai gudu na KTX yana kai mutum daga Seoul zuwa Busan a ƙasa da awa uku.

Wajen abinci sai an yi hattara, domin naman alade da giya suna shiga girkinsu da yawa, gara a tambaya kafin a sa hannu. Wajen ladabi kuwa ba mu da matsala. Ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ana zama a ƙasa, ana rusuna wa babba, ana miƙa masa abu da hannu biyu.

MU KOMO GIDA

Akwai wani zare siriri da ya haɗa Koriya da Abuja wanda ba kowa ya sani ba. Wani Bature maginin tukwane, Bernard Leach, ya ƙaunaci tukwanen daular Joseon ƙwarai, har ya sayo wata farar randa a Koriya a 1935, wadda yanzu take gidan tarihi na Biritaniya a Landan. Almajirinsa, Michael Cardew, shi ne ya zo ya kafa makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950 a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya fara ganin aikin Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar a 1954, ta yi suna har Turai da Amurka, hotonta kuma yake bayan Naira 20. A Koriya, garin masu tukwane, Icheon, ya shiga jerin biranen sana'a na UNESCO tun 2010, baƙi suna tururuwa. Mu kuwa, cikin masu riƙe Naira 20 a Abuja, nawa ne suka taɓa taka ƙafa Suleja ko Ushafa su ga inda ake ginin?

Ya zuwa shekarar 2025 Koriya ta Kudu tana da wurare 17 a jerin kayan gadon duniya. Nijeriya, wadda ta ninka ta sau tara a faɗi, biyu gare ta, Sukur a Adamawa tun 1999 da kurmin Osun a Osogbo tun 2005. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ta girmi ta Seoul da kusan shekara 300, amma tun 2007 take jerin masu jiran gado, ruwa yana cinta, masu gini suna yankarta. A nan Abuja, babbar hasumiya da cibiyar al'adu da aka fara a 2006, inda aka yi niyyar ajiye kayan tarihin ƙasa, har 2024 ba a kammala su ba. Abin farin ciki dai shi ne shigar hawan sallar Kano jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, wanda ya nuna in an tashi ana iyawa.

Ba za a ce kuɗi ne kaɗai ya raba mu ba, tun da dokarsu ta 1962 cikin talauci suka kafa ta. Abin da suka yi ba ya fi ƙarfinmu. Sun rubuta, sun ajiye kofe a wurare dabam dabam, sun riƙe gwanayensu, sun kai yaran makaranta su gani da ido. Muna kira ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da sarakunanmu iyayen ƙasa, da gwamnatocin jihohi, su fara ko da da aunawa da zana abin da ya rage na ganuwoyin Kano da Zariya da Katsina da hasumiyar Gobarau, tun magina masu sanin sirrinsu suna raye.

Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma wanda ya sami hali ya je Koriya ya gani, gani ya kori ji. Wanda bai samu ba, cibiyar nan ta Gidan Jihar Ribas ba ta da nisa. Amma in ya fito, ya daure ya hau motar Suleja, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane, amin.